Matashin da Aka Cire Daga Jirgin Abir

Bismillahir Rahmanir Rahim

Daga: Alhaji Muntaka Ilu Gezawa, Unguwar Ruwais, Jidda.

Zuwa ga: Mai girma Shugaban Kwamitin Sulhu, Ƙungiyar Zumuncin Hausawan Bakin Teku, Sharafiyya, Jidda.

Kwanan wata: Asabar, 12 ga Rabi'ul Akhir 1447 (4 ga Oktoba 2025).

Game da: Kuɗin sauya kushin na jirgin ruwa mai suna Abir, da sunan Mahmud Ɗan'azumi da aka ɓata a kansu.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da girmamawa gare ka da sauran dattawan kwamiti, ina neman izini in shigar da ƙorafi a madadin ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya, Malam Ɗan'azumi Ilu, mai kula da jiragen yawo a mashigin Abhur, da kuma ɗansa Mahmud. Waɗanda muke ƙorafi a kansu su ne ofishin da ke riƙe da kafalar su biyun, wato wanda ya tsaya musu a takardun zama da aiki, da magatakardan ofishin, Raed ɗan marigayi Abdulkahar, wanda babu dattijo a kwamitin nan da bai san gidansu ba. Da ƙanena zai iya ɗaga kai, shi ne zai zo gabanku da bakinsa. Ba zai iya ba. Tun da abin nan ya fito fili a ɗaki yake sallah, mutumin da a da shi ke buɗe masallacin layinmu.

Na kawo maganar gabanku kafin a kai ta ofishin ƙwadago ne domin da Hausa aka yi ɓarnar, kuma sai mai jin Hausa zai gane ta inda ta shiga. In na tsaya gaban alƙalin da ba ya jin harshenmu, zai yi dariya ne kawai, mu kuwa mun sha dariya ta ishe mu.

Ga asalin lamarin. Abir jirgin ruwa ne madaidaici mai tafiya da iska, irin wanda a nan muke kira jirgin shira'i. Mallakar Dakta Abdulghaffar ne, likitan ido, jikan mutanenmu da suka zo hajji suka zauna. Ya ba ofishin nan amanar kula da jirgin, ofis kuma ya ɗora ƙanena a kai. Da gwiwoyin Ɗan'azumi suka daina yarda da matakalar ɗakin ciki, sai aka ɗauki Mahmud ya riƙe aikin ƙarfi: wanki, ɗaurin igiya, naɗe shira'i, wato ƙyallen da iska ke turawa, da fitar da kushin duk mako su sha rana. Shekarunsa ashirin da shida, a Ruwais aka haife shi, bai taɓa kwana a wata ƙasa ba.

Mahmud ɗan fari ne. Ranka ya daɗe ba sai na yi maka dogon bayani ba. Tun ranar suna ubansa bai taɓa kama sunansa ba. In zai aike shi sai ya ce kai matashi, in zai ba da labarinsa sai ya ce matashin nan. Har Yamanawa da Misirawa da 'yan Filifin da ke aiki a marsa, inda ake ɗaure jiragen, suka ɗauka sunansa ke nan. Matashi suke kiransa, shi kuma yana amsawa.

Ga abubuwan da muke kuka da su.

1. Yadda aka isar da saƙo. Ranar Litinin, 20 ga Zulhajji 1446, Dakta ya tafi hutun bazara da iyalinsa ƙasar waje. Kafin ya tashi ya bar wa Raed saƙon murya da Larabci, cewa dogon kushin na bayan jirgi, inda matuƙi ke jingina, ya yage a ɗinki, ruwa ya shiga sosonsa, a cire shi a kawo sabo. Raed ya zo marsa bayan la'asar. Bai fito daga mota ba. Ya sauke gilashi, ya yafito ƙanena, dattijon da ya girmi ubansa, ya faɗa masa da Hausa, kuma ga kalmominsa kamar yadda shi kansa ya amince daga baya: "Ya ammi, Dakta ya ce matashin jirgi ya lalace, ba ya son ya dawo ya same shi. A cire shi a kawo sabo, ko nawa ne." Ya ce yalla, ya ja motarsa.

Ranka ya daɗe, matashin da ake jingina da matashin da ake haifa, murya ce kaɗai ke raba su. Na jingina a miƙe ake faɗarsa, na mutum kuwa ana sauke murya a tsakiya. 'Ya'yanmu da aka haifa a nan sun sami kalmomin a bakin kakanni, amma hawa da saukar ba su zauna musu ba. Yadda ta fito a bakin Raed, ta mutum ce. Ban ga laifinsa don ya yi Hausa ba, ina ma duk yaranmu za su riƙa yi. Laifinsa shi ne ya ɗauki umarnin aiki ya jefa ta tagar mota, babu takarda, babu nuni da hannu, alhali jirgin na gabansa. Da ya ƙara da kalma ɗaya ta Larabci, ya ce makhadda, wadda ba ta nufin komai sai matashin jingina, da yau ban zauna rubuta wannan ba.

2. Abin da ƙanena ya aikata. Ba zan ɓoye shi ba, domin a gaban mutane aka yi. Ɗan'azumi ya ɗauka Mahmud ake nufi. Duk mun san abin da ake nufi a garin nan in aka ce saurayi ya lalace: ko ƙwaya, ko shaye-shaye, ko shigo da waɗanda ba su dace ba cikin jirgin mutum a bayan idonsa. Za a ce me ya hana shi tambaya. Da ɗan wani aka ambata, wallahi da ya tambaya, ya ce me ya yi, yaushe, wa ya gani. Na san shi, ba ya yanke wa kowa hukunci da ji. Amma ɗan farinsa ne. A tarbiyyar da aka yi mana, uban da ya tsaya kare ɗan farinsa a gaban baƙo ya zubar da girmansa, za a ce son kai ya rufe masa ido. Ya ga cewa tunda likita mai mutunci ya kasa faɗa masa a fuska har sai da ya bar ƙasar, to abin ya kai muni. Kunya ta rufe masa baki wajen tambaya, ta buɗe shi wajen da bai kamata ba.

Ya taka har ƙarshen gadar katako inda jirgin ke ɗaure. Mahmud na wanke saman jirgin, tiyo a hannunsa. A gaban ma'aikatan jirage kusan goma ya karɓe makullai, ya ɗauko jakar yaron ya wurga kan gada, ya ce masa ya ci amanar mutumin da ya rufa musu asiri, daga yau kada ya ƙara taka jirgin nan, kada kuma ya ƙara taka gidansa. Da Hausa ya fara, ya ƙarasa da Larabci don kowa ya shaida ba ya goyon ɓarna. Mahmud ya kashe ruwa, ya naɗe tiyon ya rataye a mazauninsa, ya durƙusa ya ɗauki jakar ya tafi. Shi ma bai tambaya ba, don ba a koya masa mayar wa uba magana ba.

3. Shirun Raed, wanda shi ne babban kukanmu. Washegari Ɗan'azumi ya je ofis ya shaida wa Raed cewa ya cire shi, a kawo sabo. Raed ya sa masa albarka, ya ce haka ake son aiki da zafinsa. Har nan za a iya cewa ruɗani ne. Amma a ranar ƙanena ya shiga wajen mudir, shugaban ofishin, ya ce da Larabci a rufe fayil ɗin yaron bisa umarnin mai jirgi, dalili kuwa rashin ɗa'a. Raed ne ya buga takardar da hannunsa. Ya ga suna, ya ga dalili, ya ga an jingina abin ga Dakta, shi kuwa ya san Dakta bai ambaci mutum ba. A nan ya gane. Na zaunar da shi a gidana makon jiya, na tambaye shi tsakaninsa da Allah, ya sunkuyar da kai ya ce ya gane tun a lokacin, tsoron mudir ya sa ya yi shiru, ya zaci uba da ɗa za su shirya da kansu cikin kwana biyu. Bai buga wa Dakta waya ba, bai je wa dattijon ba, kuma don kada maganar ta taso, ko kushin ɗin da aka ce a sauya bai aika a ɗinka ba.

4. Ɓarnar da ta biyo baya. Ofis ya turo wani sabon ma'aikaci wanda bai taɓa aikin jirgin shira'i ba, ba a kuma gaya masa ana fitar da kushin ba. Shi yana wanke waje ya tafi. Da ya ga dogon kushin nan a yage, sai ya kyauta a ganinsa, ya cusa shi ɗakin ciki da jiƙarsa, ya rufe ƙofa. Ranka ya daɗe ya san danshin Jidda a Muharram da Safar na bana, yadda riga ke jiƙewa a jikin mutum yana zaune. Ɗan'azumi na bisa gada kullum, ba ya iya sauka, kuma gaskiya hankalinsa ba ya jikinsa. Fumfuna ta tashi daga kushin ɗaya ta bi sauran, na zama da na kwanciya da na jingina, har soson ciki ya yi baƙi.

5. Ranar da gaskiya ta fito. Lahadi, 22 ga Rabi'ul Awwal, Dakta ya dawo ya zo ganin jirginsa. Da aka buɗe ɗakin ciki sai da ya ja da baya ya toshe hanci. Ya tambayi ina sabon kushin, ina kuma Mahmud. Ɗan'azumi, kansa a ƙasa, ya ce ai ya cire matashin tun ranar da aka ba da umarni, ya kuma roƙi Dakta gafara a kan abin da yaron ya yi masa, ko mene ne. Dakta ya ce wane yaro, wane abu. Ya ciro waya ya kunna saƙon da ya bar wa Raed, kowa a gadar ya ji. Dakta yana jin Hausar kakanninsa, shi ya fara ganewa, dariya ta ƙwace masa, sai ya dubi fuskar dattijon ya haɗiye ta. Ɗan'azumi ya zauna a kan katako da farar rigarsa. Sai da mutum biyu suka ɗaga shi.

Kafin magariba labarin ya zagaye marsa, kafin Juma'a ya iso Ruwais da Sharafiyya. Yanzu Abu Makhadda suke ce masa. Wani Bayamane ya tsayar da shi yana tambaya ko filon ya tuba ya fara sallah. Wani ya ce a kai katifar gidansa gwajin ƙwaya. Har a cikin mutanenmu akwai wanda ya aiko masa da saƙo wai yana da matasai uku a falo da ba sa jin magana, ko zai zo ya kore su. Na san mai saƙon, yana cikin ƙungiyar nan, ba zan rubuta sunansa ba don darajar furfurarsa. Ba dariyar ce ta kwantar da shi ba. Matarsa Mastura ta ce mini tun ranar nan ko tuwo aka ajiye masa sai dai a ɗauke, kuma bai iya haɗa ido da ita ba, domin wata uku tana roƙonsa ya binciki maganar yana ce mata ta yi shiru.

6. Kuɗin da aka ɗora. Dakta ya ce shi da ofis ya yi yarjejeniya, ofis ya gyara masa jirgi. Ofis kuma ya juyo kan ƙanena da takardar kuɗi ta riyal dubu goma sha takwas da ɗari huɗu. Kushin ɗaya da aka ce a sauya tun farko bai wuce riyal ɗari tara ba. Na sa an karanta mini takardar layi-layi. An sa yadi na ƙasar waje wanda ya fi na da tsada, an sa soso mai kauri biyu, an sa a ɗinka sunan jirgin da zare mai ruwan zinariya a kan kowane kushin, abin da babu shi a tsofaffin. Na ɗauki awo na kai wa munajjidi a Sharafiyya, mai ɗinka wa jirage, ya ce da yadi irin na da wanda ruwan gishiri ba ya ci, zai yi duka a dubu bakwai da ɗari biyar. Mudir ya ƙi ko duba takardarsa. Ranka ya daɗe, wanda ya ɓata abu ya biya abin da ya ɓata, wannan mun yarda. Amma ba a yi wa jirgi kwalliyar aure da albashin mai gadi ba.

7. Takardar da ake so ya sa wa hannu. Wannan ita ce ta hana ni barin maganar. Ofis ya gane cewa in ya amince saƙonsa ne ya karkace, kuɗin a kansa zai faɗa. Sai aka sake rubuta dalilin korar Mahmud. Yanzu fayil ɗinsa na cewa an sallame shi saboda rashin ɗa'a da sakaci, wai shi ya bar kushin suka ruɓe, alhali ranar da ya bar jirgin guda ɗaya ne kawai ya yage, kuma Dakta shaida ne. An ce Ɗan'azumi ya sa hannu cewa haka ne, a riƙa cire kuɗin daga albashinsa kaɗan-kaɗan, halas, magana ta mutu, shi kuma ya ci gaba da aikinsa. Na same shi a ofis da alƙalami a hannu. Ba don ya yarda ba, so yake kawai a daina ambaton zancen. Na karɓe alƙalamin. Na ce masa ka yi wa yaron nan ƙazafi sau ɗaya da rashin sani, ba za ka yi na biyu da saninka ba ina raye.

Ranka ya daɗe, ga abin da ke rataye a wannan fayil. Iƙamar Mahmud, takardar izinin zamansa a ƙasar nan, za ta ƙare a ƙarshen Jumada Ula. Ofis ya ce ba zai sabunta ba. Masu jirage biyu sun so su mayar da kafalarsa hannunsu, da suka nemi bayani aka nuna musu abin da aka rubuta, suka janye. In watan ya wuce a haka, sai ya fita, a kai shi ƙasar da bai san kowa a cikinta ba sai sunayen da yake ji a bakinmu. Yanzu yana kwana a ɗakin wani abokinsa, yana dako a wani sito kusa da tashar jiragen ruwa, ranar da aka samu.

Ni na je na same shi na faɗa masa yadda abin ya kasance. Na zaci zai yi fushi, ko ya yi dariya kamar kowa. Ya saurare ni har na gama, ya zuba mini shayi, ya tambayi lafiyar mahaifiyarsa da gwiwar mahaifinsa. Da na tashi tafiya ya rako ni bakin titi, sannan ya ce, Baffa, a cikin watannin nan, Baba ya taɓa tambayar wani abin da na yi, ko sau ɗaya? Na shiga mota.

Saboda haka, cikin ladabi, muna roƙon kwamiti:

Na farko, a kira mudir da Raed da Dakta Abdulghaffar zama ɗaya kafin watan nan ya ƙare, a saurari saƙon muryar, Raed kuma ya maimaita a gabanku abin da ya faɗa a gidana. Ba ma neman a kore shi. Maraya ne, yana riƙe da ƙannensa, kuma mun ga abin da korar gaggawa ke haifarwa.

Na biyu, a goge abin da aka rubuta a fayil ɗin Mahmud, a ba shi takardar shaidar cewa ya yi aiki da amana, a sabunta iƙamarsa ko a sake shi ya koma hannun kafilin da ke son sa.

Na uku, a yi lissafin kushin a kan irin waɗanda suka lalace, a raba tsakanin ofis da gidanmu yadda kuka ga adalci. Abin da ya faɗo kanmu za mu biya a zaman, ba sai an taɓa albashin kowa ba. Ko da kun ga duka ya hau kanmu, za mu ɗauka, muddin ba a haɗa shi da sunan yaron ba.

Na huɗu, wanda ba na ofis ba ne, amma ku ne iyayenmu a ƙasar nan. A aika wa uba da ɗa sammaci su zo zaman. Uban ba zai iya aika masa ba, ɗan kuma an ce kada ya taka gida, ba a kuwa janye maganar da bakin da ya faɗe ta ba. In sun zauna, ina roƙon Shugaba da kansa ya ɗaga murya, a gaban duk wanda ya halarta, ya tambayi ofis, ya tambayi mai jirgi, ya tambayi ƙanena: me Mahmud ya yi? A jira kowa ya amsa. Abin da suka amsa a rubuta shi, a ba yaron ya riƙe.

Allah ya ƙara wa Shugaba lafiya da basira, ya sa ku gama da mutuncinku, ya rufa mana asiri baki ɗaya. A gafarce ni in harshena ya yi kaifi a wani wuri.

Naku mai biyayya,

Alhaji Muntaka Ilu Gezawa
A madadin Malam Ɗan'azumi Ilu da iyalinsa
Ruwais, Jidda.